Likita Baiki da Lissafin Zazzaɓi

A cikin Turawan da suka shigo ƙasar nan a zamanin da, tun kafin kafuwar mulkinsu, akwai wani likita mai suna William Balfour Baikie. Don sauƙin faɗi, Baiki za a riƙa ce masa a cikin wannan labari. Ya bi kogin Kwara da na Binuwai cikin jirgin ruwa, ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya zo Kano a shekarar 1862. Babban abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne, ya shiga kogi da mutum 66 a zamanin da zazzaɓi ke kashe baƙi kamar kiyashi, ya kuwa fito da su duka da ransu. Labarinsa yana nuna yadda likitoci ke rarrabe maganin gaske da na zato, watau ta hanyar ƙidaya da gwadawa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Baiki ran 27 ga watan Agusta, 1825, a wani gari da ake kira Kirkwall, cikin tsibiran Orkney, can arewacin Sikotilan. Ƙasa ce mai tsananin sanyi da iska, teku ya kewaye ta ko ta ina. Ubansa hafsa ne a rundunar jiragen ruwa ta Ingila. Tun yana saurayi Baiki yake son duba tsuntsaye da dabbobi, yana rubuta irinsu da wurin da ya gan su. A shekarar 1848 shi da wani abokinsa suka buga littafi wanda ya jera dabbobi da tsuntsayen tsibiransu. Wannan hali na duba abu da ido, a rubuta shi nan take, shi ne ya amfane shi daga baya.

Ya yi karatun likita a birnin Edinbara. Da ya gama, sai ya shiga rundunar jiragen ruwa a 1848, aka ba shi aikin ƙaramin likita. Ya yi aiki cikin jirage dabam dabam, sa'an nan aka kai shi babban asibitin rundunar da ke Haslar, a kudancin Ingila.

Kogin da ke cin baƙi

A shekarar 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da ƙanensa John, suka bi Kwara cikin kwalekwale har suka ga inda ta faɗa teku. Da labari ya kai Ingila, sai fatake suka yi kwaɗayin shigowa da jirage masu tafiya da tururi, don su sayi manja da hauren giwa da auduga. Amma akwai abin da ya tare musu hanya, ba kuwa mayaƙa ba ne. Zazzaɓi ne.

A 1832 wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya shigo kogin tare da Richard Lander. Turawa 48 ne suka yi tafiyar, 9 kaɗai suka tsira. Sauran 39 duk suka mutu, yawancinsu kuwa cuta ce ta kashe su. A 1841 gwamnatin Ingila ta sake aiko jirage uku da Turawa 145. Suka shiga kogi a watan Agusta. Kafin ƙarshen Oktoba duk jiragen sun juyo, domin zazzaɓi ya kama mutum 130, ya kashe wajen 40.

A cikin waɗannan jirage akwai mutanen Afirka 158, amma 'yan kaɗan ƙwarai zazzaɓin ya taɓa. Dalili kuwa shi ne, wanda ya girma a ƙasar zazzaɓi ya sha fama da shi tun yana jariri, har jikinsa ya saba. Sai dai wannan sabo yana da tsada, gama yara da yawa sukan mutu kafin su kai ga samunsa.

Likitocin wancan zamani ba su san abin da ke kawo zazzaɓi ba. Sun zaci muguwar iska ce da ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen ganye. In mutum ya kwanta, sai su tsaga masa jijiya su zubar da jini mai yawa, su kuma ɗura masa maganin da aka haɗa da zaiba. In ya tashi, likita ya ce maganinsa ne ya yi aiki. In ya mutu, a ce ciwon ne ya yi ƙarfi. Da irin wannan tunani babu maganin da zai taɓa faɗuwa, ko da ruwan rijiya ne, domin ko ba a ba da kome ba waɗansu majinyata za su warke da kansu.

Maganin ɓawon itace

Akwai wani itace a duwatsun Amurka ta Kudu wanda ɓawonsa ke da ɗaci ƙwarai. Tun da daɗewa aka san yana kwantar da zazzaɓi. A 1820 waɗansu masu haɗa magani biyu a Faransa suka tace ainihin maganin daga ɓawon, aka sa masa suna kwinin. Amma yawancin likitoci ba sa ba da shi sai bayan ciwo ya riga ya kama mutum, wani lokaci ma sai ya yi nisa.

A cikin tafiyar 1841 akwai wani likita, Thomson, wanda ya riƙa shan kwinin kullum tun yana lafiya lau. Duk zamansa a Afirka zazzaɓi bai kwantar da shi ba. Da ya koma Ingila ya daina sha, sai ga zazzaɓi ya taso masa. Wannan abin lura ne, amma labarin mutum guda ne. Mai yiwuwa ne jikinsa ne mai ƙarfi, ko kuwa sa'a ya ci.

Sai wani likitan rundunar jiragen ruwa, Alexander Bryson, ya ɗauki wata hanya. Kowane jirgin yaƙi yana da littafin da likitansa ke rubuta waɗanda suka kwanta, da maganin da aka ba su, da yadda suka ƙare. Bryson ya tattara littattafan jiragen da suka yi aiki a gaɓar Afirka ta Yamma shekara da shekaru, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙidaya. Ya ga ma'aikatan da aka riƙa ba kwinin ko garin ɓawon a kai a kai ba su cika kamuwa ba, in ma sun kamu ciwon yakan zo da sauƙi. A 1847 ya buga rahotonsa. Ya ba da shawara cewa duk wanda zai shiga kogi ko ya sauka gaɓa ya sha kwinin kullum, ya kuma ci gaba da sha har kwana 14 bayan ya fito.

Tafiyar 1854

Laird bai karaya ba. Ya sa aka ƙera wani jirgi mai suna Pleiad, gwamnati kuma ta taimaka da kuɗi. Nufinsu a bi Binuwai a ga iyakar inda jirgi zai kai, a kuma nemi labarin Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim. Shi ne ya zo Kano a 1851, ya kuma ƙetare Binuwai a kan hanyarsa ta zuwa Yola. An ɗauki Baiki ya zama likita, kuma mai binciken itatuwa da dabbobi.

Wanda aka shirya zai shugabanci tafiyar, John Beecroft, ya mutu a tsibirin Farnando Fo tun jirgi bai iso ba. Sai ragama ta faɗo hannun Baiki, yana da shekara 28 da haihuwa. A cikin jirgin akwai Turawa 12 da mutanen Afirka 54. Ɗaya daga cikinsu shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda ya yi tafiyar 1841 ya ga mace-macen da idonsa.

Suka shiga kogi a watan Yuli, damina ta kankama. Baiki ya kafa doka, kowane Bature sai ya sha kwinin kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Maganin yana da ɗaci, yakan kuma sa kunne ya yi ƙara, amma bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, suka nausa gabas. Itacen hura tukunyar jirgi ya yi ta ba su wahala, sai an tsaya an sara kafin a ci gaba. Haka suka yi har suka kai ƙasar Muri, wajen mil 250 gaba da inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa. Ba su sadu da Abdulkarim ba. Da ruwa ya fara janyewa sai suka juyo, suka fito teku a watan Nuwamba, bayan kwana 118 cikin kogi. Zazzaɓi ya taɓa waɗansu, amma duk suka tashi. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Abin da lissafi ya nuna

Likita mai hankali, in aka ce masa magani kaza yana aiki, tambaya uku yake yi.

Ta farko, mutum nawa ne, kuma cikin mutum nawa? A 1832 mutum 39 suka mutu, a 1841 kuwa wajen 40. Wanda bai iya lissafi ba sai ya ce ai duk ɗaya ne. Amma 39 ɗin cikin 48 ne, watau wajen 8 cikin kowane 10. Su kuwa 40 ɗin cikin 145 ne, watau ɗaya da 'yan kai cikin kowane 4. Ashe tafiyar farko ta fi muni nesa ba kusa ba. Adadi shi kaɗai ba ya faɗin kome sai an san daga cikin nawa aka cire shi.

Ta biyu, da wa aka gwada? Manoman karkarar Kano sun san wannan sarai. Wanda ke so ya san amfanin taki yakan zuba a rabin gonarsa, ya bar rabi haka nan. Iri ɗaya ya shuka, ruwa ɗaya suka sha, noma ɗaya ya yi musu. In kaka ta yi, sai ya ƙidaya damman geron wannan gefe da na wancan. In da ya zuba takin a gonar duka, ba zai san ko takin ne ya yi aiki ko damina ce ta yi kyau ba. To, haka aka gwada tafiyar Baiki da ta 1841. Da mutuwa ta zo masa kamar yadda ta zo wa na farko, da wajen mutum 3 cikin Turawansa 12 sun mutu. Ga shi kuwa ya fi su daɗewa a cikin kogi, amma bai rasa kowa ba. Sai dai wannan gwaji bai kai na manomin nan kyau ba, domin shekara dabam ce, jirgi dabam, mutane dabam.

Ta uku, yawan mutanen ya isa a dogara da shi? A ɗauki ƙwarya a cika ta da wake, kashi uku fari, kashi ɗaya ja, a gauraya sosai. Yaro ya rufe ido ya tsinci ƙwaya 12. Galibi zai sami ja guda 2, ko 3, ko 4. Zai yi wuya a ce duka 12 farare ne, amma yana iya faruwa, wajen sau 3 in an yi tsintar sau 100. In kuwa ƙwaya 1,000 ya tsinta, ba yadda za a yi ya rasa ja. Watau ƙaramin adadi yana iya ruɗin mutum, babban adadi kuwa da wuya ya yi ƙarya. Saboda haka tafiyar Baiki shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Sai da aka haɗa ta da lissafin dubban ma'aikatan jirage. Daga 1825 zuwa 1845, a rundunar da ke gaɓar Afirka ta Yamma, mutum 65 cikin kowane 1,000 ke mutuwa a shekara. Daga 1858 zuwa 1867, bayan kwinin ya zama abin sha na kullum, an kuma daina zubar da jini, sai adadin ya sauko zuwa 22 cikin 1,000. A nan ne gardama ta ƙare, aka tabbata rigakafi ya fi magani.

Zamansa a Lakwaja da zuwansa Kano

A 1856 Baiki ya buga littafin labarin tafiyarsa. A 1857 ya komo da wani jirgi mai suna Dayspring, amma jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe. Mutanen suka tsira, suka yi zango a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Baiki ya ƙi komawa gida. Da yardar Masaba, Sarkin Nufe na Bida, ya kafa mazauni a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ya buɗe kasuwa, fatake suka riƙa zuwa daga nesa. Shi ne likitan wurin, shi ne malamin makaranta, shi ne mai raba gardama. Yakan sa tufafi irin na mutanen ƙasa, yana kuma magana da Hausa. Ya tattara kalmomin harsuna kusan 50, ya juya waɗansu sassa na littafin addininsa zuwa Hausa.

A 1862 ya tashi daga Bida ta ƙasa, ya bi ta Zariya ya iso Kano, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Abin da ya kawo shi shi ne neman takardun wani Bajamushe matafiyi mai suna Vogel, wanda aka kashe a ƙasar Wadai. A kan hanya bai bar halinsa ba, ya yi ta rubuta sunayen garuruwa da koguna da jerin sarakuna.

Aiki da zaman kaɗaici suka gajiyar da shi. A 1864 ya kama hanyar gida don ya huta. Da ya isa Saliyo sai ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a can cikin watan Disamba, yana da shekara 39. Mutanen garinsu suka gina masa abin tunawa a babbar majami'ar Kirkwall.

Abin da ya biyo baya

Kwinin ya buɗe wa Turawa ƙofar da zazzaɓi ya rufe musu. Fatake suka shigo, bayansu sojoji, har aka ci Kano da yaƙi a 1903. Ilimi kamar wuƙa yake, abin da aka yi da shi yana ga mai riƙe da shi.

Baiki ya mutu bai san abin da ke kawo zazzaɓi ba. Sai a 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta cikin cikin sauro a Indiya. Daga nan aka san sauro ne ke ɗaukar ta daga wani ya kai wa wani, shi ya sa ake cewa zazzaɓin cizon sauro. Lissafi ya nuna magani yana aiki tun shekaru da yawa kafin a gane dalili.

An yi irin wannan ƙidaya a ƙasar Kano ma. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, tun 1991 kuwa take cikin Jigawa. Da farko ba su ba da kome ba, sai ƙidaya. Kowane mako 10 akan ɗibi ɗigon jini daga yatsan mutanen waɗansu ƙauyuka a duba, ana kuma rubuta haihuwa da mutuwa. Sa'an nan aka kasa ƙauyukan. Waɗansu aka fesa wa ɗakunansu maganin sauro. Waɗansu aka yi musu feshi, aka kuma raba wa kowa ƙwayoyi. Waɗansu aka bar su don gwadawa, kamar rabin gonar da ba a zuba wa taki ba. Lissafi ya nuna feshi kaɗai bai rage cutar sosai ba. Feshi da ƙwayoyi tare sun rage ta ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma cutar ba ta ƙare ba, da aka daina aikin kuwa sai ta komo. Ba abin da aka so a ji ke nan ba, amma aka rubuta shi yadda yake, likitocin duniya suka ƙaru da shi.

Ƙidaya ce kuma ta nuna cewa maganin nan kulorokwin, wanda aka daɗe ana sha, ya daina kashe ƙwayar cutar a jikin yara da yawa. Saboda haka a 2005 Nijeriya ta sauya shi da sababbin magunguna. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata cikin damina, a ƙasashe irin na Arewa inda zazzaɓi ke tasowa da saukar ruwa. Sai da aka gwada shi a kan dubban yara kafin a yarda da shi. Dabarar Baiki ce, ta shan magani kafin ciwo ya zo, amma wannan karon 'ya'yan ƙasa aka yi wa.

Saboda haka in malamin asibiti ya buɗe babban littafinsa yana rubuta suna da shekaru da irin ciwo, ba ɓata lokaci yake yi ba. Daga irin wannan littafi Bryson ya fara. In kuma mai talla a kasuwa ya ɗaga kwalba yana rantsuwa cewa maganinsa ya warkar da wane da wane, yaro mai ilimi ya san abin da ya kamata a tambaya: mutum nawa suka sha, nawa suka warke, nawa kuma suka warke cikin waɗanda ba su sha ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Likita Baiki, kuma a wace shekara ya zo Kano?
2. Yaya likitocin da suke yi wa mai zazzaɓi magani kafin su yarda da kwinin?
3. Me ya sa labarin Likita Thomson bai isa shaida ba?
4. Faɗi tambayoyi uku da likita mai hankali ke yi game da magani.
5. A wani ƙauye yara 20 cikin 200 suka yi zazzaɓi. A wani kuma yara 15 cikin 60. A wane ƙauye ciwon ya fi tsanani?
6. Me ya sa aka bar waɗansu ƙauyukan Garki ba a yi musu feshi ba?

Aiki

A cika ƙwarya da wake, kashi uku fari, kashi ɗaya ja. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya tsinci ƙwaya 12, ya faɗi ja nawa ya samu, sa'an nan ya mayar. A rubuta na kowa a allo. Daga baya a haɗa na ajin duka, a ga ko ja ya kai ɗaya cikin huɗu.